Gwaggo da Jitar Ɗanta

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Ranar da Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu, ba a hura wuta ba a layin masu turara shinkafa na unguwarmu a Kura. Wanda ya san layin ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don ko ranar Salla ba ka rasa hayaƙin buntun shinkafa yana tashi ta bayan wata katanga. Bayan azahar muka kai ta makwancinta, muka dawo muka baje tabarmi a ƙofar gida. Mata kuma suka cika tsakar gidan, har filin da take shanya.

An yabe ta, ba zan ce ba a yabe ta ba. Fataken shinkafa da suka daɗe suna kawo mata aiki suka ce ba ta taɓa ƙona wa mutum kaya ta ɓoye ba. Wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mata nono daga wajen Bunkure ta zauna a bakin zaure tana kuka, ta ƙi shiga, ta ƙi tafiya. Wani dattijo mai ɗingishi, tsohon direba, ya zo daga Dawakin Kudu, ya yi addu'a, ya koma can ƙarshen tabarma ya zauna har la'asar.

Amma akwai wata maganar a ƙarƙashin yabon. Matata ta faɗa min cewa a cikin gida wata ta sassauta murya ta ce, "Allah dai ya sa ta ajiye abin nan kafin ta cika." Ta kusa da ita ta amsa, "Sai dai addu'a." Babu wadda ta ambaci sunan abin. A waje kuwa wani mai babur da ke wucewa ya taka birki, ya tambaya da ƙarfi, "Wai tsohuwa mai jita ce ta rasu?" Mahaifina, wanda shi ne ladanin masallacin unguwar, ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar bai ji ba.

Haka aka yi zaman makokin har aka tashi. Ana zuwa kan shekarunta na ƙarshe sai a ɗaga ƙafa a tsallake, kamar an zo kan kwata. Ni kuwa a shekarun nan na fi saninta. Shi ya sa nake rubuta wannan, kada a binne su tare da ita.

Gwaggo doguwa ce, mai kaurin murya, ba ta iya lallashi ba. In ka je mata da damuwa ba za ta ce maka sannu ba, sai dai ta turo maka kwano ta ce, "Ci tukuna." Tun ina yaro a bakin murhu na san ta, rabin duro a kan wuta, tururi yana dukan fuskarta. Takan ɗebo ƙwayar shinkafa ta ciza, sannan ta ce a janye wuta ko a ƙara. Ita ta goyi mahaifina bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka har gemunsa ya yi fari ba ta daina kiransa Auta ba. Shi kuma Yaya yake ce mata, kuma ba ya zama a kujera in tana ƙasa.

Ta haihu da yawa, suna komawa tun suna jarirai. Ɗaya ne ya tsaya, namiji, sa'ana kuma abokin wasana. Mijinta ya rasu yaron bai gama firamare ba, da wannan murhun ta rene shi. Tare muka tafi kwalejin horon malamai a Kano. A can ya samo jita a wurin wani ɗan ajinmu, ya koya, ya ɗan koya min. Da muka gama ni na kama koyarwa. Shi ya ce alli ba zai riƙe shi ba, ya dawo gida ya kama noman rani a Kadawa, tumatir da albasa. In ya taso daga gona da yamma sai ya kifa turmi kusa da murhun uwarsa, ya zauna yana kaɗa wani ɗan kiɗa da shi ya ƙirƙiro abinsa, ba suna, ba waƙa. Ita kuma ta hau korarsa.

"Tashi ka ba ni wuri da wannan ƙwaryar taka. Mutane suna aiki."

"Inna, ai taya ki nake."

"Ka taya ni da itace."

Sai ya yi dariya, ya ɗan ja turmin baya, ya ci gaba.

Wata kakar tumatir ya bi kayansa zuwa Legas a saman babbar mota, da jitar a kafaɗa don ta rage masa hanya. Motar ta faɗi kafin su tsallaka Kwara. A wani gari na bakin titi aka binne shi. Mahaifina ne ya je ya tsaya a kan kabarin, ya dawo ya faɗa mata. Ba ta ga gawarsa ba. Lokacin wayar hannu ba ta wadata ba, babu muryarsa a ko'ina, sai hoto ɗaya na katin makaranta.

Bayan wasu watanni direban motar ya zo yana dogara sanda, da wani abu a cikin buhu. Shi ne dattijon nan mai ɗingishi da ya zauna a ƙarshen tabarma. Ina gidan ranar. Ya durƙusa a tsakar gida, ya ajiye buhun a gaban Gwaggo. Maƙwabta suka taru, wasu har sun fara jefa masa baƙar magana. Gwaggo ta buɗe buhun, ta ga jitar. Ta ɗan tsage a gefe, ban da haka ba abin da ya same ta. Ta daɗe tana kallonta.

"Katako ya tsira," ta ce.

Sannan ta dubi direban. "Da gangan ka kayar?"

"Wallahi, Inna, birki ne ya..."

"To tashi daga ƙasa. Ƙafar nan ba ta son durƙuso."

Ta sa aka kawo masa tuwo, ta tsaya a kansa sai da ya ci. Tun daga shekarar, duk azumi sai ta aika masa da shinkafa, har ta bar duniya. Jitar kuwa ta mayar da ita buhu ta cusa ƙarƙashin gado. Ta fi shekara goma a can, ba mai ambatonta.

Gwaggo ta haura saba'in lokacin da ta aiko a kira ni. Na same ta bayan la'asar tana gadin shanya da doguwar sandarta ta korar kaji, buhun nan yana gefenta.

"Ka iya abin nan har yanzu?"

Na ce na ɗan tuna.

"Kiɗan nan da yaron nan yake damuna da shi, ka san shi?"

Tsirkiyoyin duk sun yi tsatsa. Sai da na je Sabon Gari na sayo sababbi, na dawo na ɗaura, sannan na kaɗa mata abin da na tuna. Ba ta yi kuka ba. Juya min baya ta yi, tana motsa shinkafar da ba ta bukatar motsi. Da na gama na ce duk lokacin da take so ta aiko, zan zo in kaɗa mata.

"Kai za ka kaɗa ka tafi gidanka," ta ce. "Koya min."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Ita ba ta yi ba.

"Fuskarsa ina da hoto. Muryarsa ce ta fara ɓace min. Ina neman yadda yake cewa Inna, in rasa. Wannan kiɗan ne kaɗai ya rage a kunnena, shi ma ya fara yagewa. Ina so ya zauna a hannuna."

"Gwaggo, a shekarunki..."

"Shekaruna na tambaye ka?"

Haka muka fara. Ta yanke farcen hannun hagu, ta cire zoben azurfar da ban taɓa ganin ta ba shi ba. Na zaci hannun da ya sha wuta da tururi ba zai ji zafin tsirkiya ba. Ashe kantar aiki a tafin hannu take, kan yatsun kuwa sai da suka yi ja suka tsage. Gaɓoɓin sun sandare, manuniyarta ta hagu kuma a lanƙwashe take tun wata tsohuwar ƙuna, ba ta miƙewa. Dole muka nemo yadda za ta riƙa dannawa da sauran yatsun. Kafin ta ɗauki jitar takan riƙe hannun a kan tururin duro har ya saki.

Watannin farko ba kiɗa ba ne. Ƙara ce kamar ƙuda ya faɗa kwalba. In ta danna wannan tsirkiyar sai gefen yatsa ya taɓa ta kusa ya kashe ta. Takan tsaya ta harari hannun ta ce, "Kai, ba da kai nake ba?" Ni malamin makaranta ne, na saba a gama darasi a shiga na gaba, sai in riƙa jan ta. Ta ƙi janyuwa. Ba ta daɗewa tana yi, ɗan tsakanin la'asar da kwashe shanya ne kawai, amma kullum ne, ina nan ko ba na nan. Kuma ba ta bin wurin da ta riga ta iya don ta ji daɗin kanta. Inda yake kayar da ita nan take zama, ɗaga yatsa daga nan zuwa can, ta maimaita, ta sake maimaitawa, a hankali har mai sauraro ya ƙosa.

"Ki ɗan ƙara sauri mana, Gwaggo."

"In na yi sauri kuskuren nake koya. Shi ma zama yake a hannu."

Wata damina gaba ɗayanta ba ta ci gaba ba ko kaɗan. Sanyi ya shiga gaɓoɓin, abin da ta iya ma ya gudu. Na zo na tarar ta mayar da jitar buhu. "Na tsufa," ta ce. "Ka yi gaskiya." Na zauna muka yi hirar ruwan sama na tafi. Da aka yi girbi aka fara kawo mata sabuwar shinkafa, na shigo wata yamma, tun daga zaure na ji ƙarar nan. Ba ta ɗago ta dube ni ba, ni ma ban tambaya ba.

Gidan mai turara shinkafa ba ya ɓoye abu, mata suna shiga suna fita. Magana ta fita, kafin ta zagayo ta canza kama. Aka ce tsohuwa ta fara taɓuwa. Aka ce ba taɓuwa ba ce, bori ta shiga, da garayar Turawa take kiran iskoki. Wata da ta daɗe tana taya ta aiki ta daina zuwa, mijinta ya hana. Wasu fatake suka kai kayansu gaba. A Islamiyyar matan aure da take zuwa, aka fara barin fili tsakaninta da ta kusa da ita a kan tabarma. Ta gani sarai. Ba ta daina zuwa ba, sai dai ta koma zama a bakin ƙofa.

Mahaifina ya jure har ranar da wani ya tare shi a ƙofar masallaci ya tambaye shi, a gaban jama'a, ko gaskiya ne ana wasa a gidan yayarsa. Ya shigo mana da yamma, ina zaune, jitar tana jingine da bango. Ranar bai zauna ba.

"Yaya, mece ce wannan?"

"Ka san ta. Ai kai ka je ka ga inda mai ita yake kwance."

"Shi ya sa. Addu'a yake bukata, ba kiɗa ba. Ke ma shekarunki na carbi ne."

"Ga carbina a wuya. Ka taɓa jin na yi fashin salla?"

"Ni nake kiran salla a unguwar nan. Ana nuna ni da baki. Ana cewa bori."

"Kai ma ka ce bori ne?"

"Ban ce ba. Amma a abin da na karanta, wannan ba alheri ba ne gare ki. Ina jin tsoron ya zama shi ne aikinki na ƙarshe."

Na ga maganar ta shige ta, don ta san ba don bakin mutane kaɗai yake faɗa ba.

"Auta," ta ce, "kai ka ga kabarinsa. Ni ban ga komai ba. Buhu aka kawo min."

"Yaya, ki bar shi ya kwanta."

"Yana kwance. Ni ce ban kwanta ba."

Ya juyo kaina ya ce da ban ɗaure mata gindi ba da abin bai kai haka ba. Sannan ya ce ba zai ƙara taka gidan ba sai abin nan ya fita. Ta dube shi daga inda take zaune a ƙasa, ta ce, "To, ka gaida gida."

Ya cika maganarsa. Jini ɗaya ne, taurin kan ma ɗaya ne. In ya yi girbi zai aiko mata da rabonta. Ita ma duk Juma'a sai ta aika masa da dambu. In suka haɗu a wurin suna ko jana'iza sukan gaisa kamar surukai, kowa ya wuce. Ni bai ƙara yi min maganar ba, ko da yake ya san inda nake zuwa bayan la'asar. Haka suka yi 'yan shekaru. Tana jin ya ɗaga murya a lasifika zai kira magariba, in jitar tana hannunta sai ta ajiye ta nan take, ta karkata kai tana saurare. Wani lokaci ta ce min, "Muryar nan akwai mura a ciki. Ka ce wa uwarka ta dafa masa citta." Ba ta taɓa cewa in je in ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa aiko ni ba.

A hankali kiɗan ya haɗu. Ba zan ce ta zama gwana ba. Jan sa take yi, kuma akwai wuri ɗaya da take tuntuɓe kusan kullum. Amma wanda ya san kiɗan zai gane shi. Ranar da ta fara haɗa shi ba tare da ta tsaya ba, ni ne na kasa zama, na tashi na tsaya a zaure. Na ji kamar in leƙa in ga turmi a kife.

Abin da ya gagare mu shi ne ƙarshensa. Ni na manta yadda yake ƙarewa. Ita kuma a lokacin da mai shi yake raye ba ta taɓa tsayawa ta saurara har ƙarshe ba, tana can tana faɗa da wuta. Na ce bari in ƙirƙiro masa ƙarshe, na gwada mata iri-iri. Ta girgiza kai ta ce, "Ba haka ba ne. Bar shi inda ya tsaya." Don haka in ta iso wurin sai ta ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin su yi shiru. Ta ɗan zauna haka, sannan ta miƙe ta kama kwashe shanya.

A farkon bazarar nan ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne, in ji likita. Ɓarin hagu ya shanye, magana ta ɗauke. Hannun da ta sha wahalar koya wa, shi ne ya fara mutuwa. Kafin mu dawo da ita daga asibiti mahaifina yana ƙofar ɗakinta a tsaye, bai tambayi kowa ko abin ya fita ba. Maƙwabta sun riga sun tura jitar ƙarƙashin gado. Ya zauna a ƙasa kusa da ita ya ce, "Yaya, ni ne." Ta juyo da ido ta dube shi. Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito. Daga ranar nan, masallaci ne kawai yake fitar da shi daga ɗakin. Yana yi mata karatu, yana ba ta ruwa da cokali, yana faɗa mata abubuwan da ban tsaya na ji ba.

A kwanakinta na ƙarshe babban yatsanta na dama yakan riƙa motsi a kan bargo, ƙasa, ƙasa, sama. Matan da ke jinya suka ce, "Allahu akbar, carbi take ja." Ni na san wannan motsin, na daɗe ina kallonsa bayan la'asar. Ban ce komai ba. Wataƙila ma su ne da gaskiya.

Bayan an yi sadakar bakwai, mata suka tattara kayanta. Mahaifina ya kira ni cikin ɗakin, babu kowa sai mu biyu. Da kansa ya durƙusa, da ƙyar, ya jawo buhun daga ƙarƙashin gado. Bai buɗe ba. Ya miƙo min.

"Ɗauki. Ka fita da ita."

Na karɓa. Na kai bakin ƙofa sai na ji ya ce, "Wai ta iya kuwa?"

"Ta iya, Baba. Ba duka ba, amma ta iya."

Ya gyaɗa kai. Ya zauna a bakin gadon da babu katifa, ya dafa gwiwoyinsa.

"In na taso daga la'asar ta layin nan nake bi," ya ce. "Kullum. In na zo daidai katangarta sai in ƙara sauri, kada in ji."

Na tsaya da buhun a hannu. Na ce, "In kaɗa maka, Baba?"

Yana kallon ƙasa, inda ƙurar ƙarƙashin gado ta biyo buhun.

"A'a," ya ce. "Ba naka nake so in ji ba."

Allah ya ji ƙan Gwaggo, ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata mata kabarinta, ya haɗa ta da ɗanta a inda ba a rabuwa. Mu da ta bari, Allah ya ba mu haƙuri, ya ba ƙanenta wanda ya fi namu.